Ka mayar da tsohuwar filaya, ita ma ta ƙi: ga inda za ka duba

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce mai laftop ɗin nan ya sabunta manhajar da yake kallon bidiyo da ita, tun daga nan sauti ke fita amma allo baƙi ƙirin, wani lokaci ma ta rufe kanta. Kai kuma ka cire ta, ka mayar da sigar da yake amfani da ita a da, sai ga shi ita ma ta zo da wannan halin. Shi ne kake tambaya ko a yi wa injin fomatin kawai a huta. Kada ka taɓa Windows ɗin mutumin nan. Ba a kai wurin ba, kuma da wuya a kai. Zan yi maka misali da VLC, tun da ita muka fi gani a injinan da ake kawowa.

Abin da kake kira filaya ba abu guda ba ne. Akwai ita manhajar kanta, a cikin Program Files. Saitunanta suna wani wuri daban, cikin foldar mai injin. Ga rumbun da take ajiye jerin waƙoƙi da finafinai. Sannan ga direban katin hoto, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, wanda ba nata ba ne, amma ba ta nuna komai sai ta hannunsa. Da ka danna cirewa, manhajar ce kaɗai ta fita, sai fa in ka zaɓi a share saituna tare da ita, kuma yawancin mutane ba sa lura da wannan zaɓin. Kamar ɗan haya ne da ya tashi ya bar kayansa a ɗaki: wanda ya shigo bayansa, da su zai yi tuntuɓe. Tsohuwar sigar da ka mayar ta tashi ne ta karanta saitunan da sabuwar ta rubuta.

Gwajin wannan ba ya cin minti biyu. Rufe filayar, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %APPDATA% ka shiga. Za ka ga folda mai suna vlc, a cikinta akwai fayil ɗin vlcrc, nan mafi yawan saitunan suke. Kada ka goge foldar. Sauya mata suna kawai, ka ce vlc-tsohuwa. In ka sake buɗe filayar, za ta ƙirƙiri sabuwa mai tsabta da kanta. Na ce kada ka goge ne domin jerin waƙoƙin mai kaya na iya kasancewa a ciki, kuma ba ka da ikon zubar da abin da ba naka ba.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ka koma baya tun kafin ka san abin da ya lalace. Sauri kan haifi nawa. Ɗauki bidiyon da ya ƙi, ka kunna shi da wata filayar daban a kan injin. Ɗauki wasu bidiyoyin kuma, iri daban-daban, ka kunna su da wadda ake zargi. In fayil ɗaya ne kawai ke ƙi a ko'ina, to fayil ɗin ne ya samu matsala. In duk filayoyin suna ba da baƙin allo, ka bar filaya ta sarara, ka nufi direban katin hoto. Yakan faru Windows ta sabunta direba a daidai kwanakin da mutum ya sabunta filayarsa, shi kuwa abin da ya danna da hannunsa kawai yake tunawa. Shiga Device Manager, ka buɗe Display adapters, ka duba ranar direban. In maɓallin Roll Back Driver yana dannuwa, to akwai tsohon direba a ajiye da za ka iya komawa kansa.

Sauti ba hoto, ko hoto ya koma kore yana tsattsagewa, wannan alama ce da ya kamata ka haddace. Bidiyo a dunƙule yake zuwa, sai an warware shi kafin a nuna, kuma ko dai furosesa ta yi wannan aikin ko katin hoto. Tun daga siga ta 3.0, wadda ta fito a Fabrairun 2018, VLC ta mayar da miƙa aikin ga katin hoto ya zama shi ne saitin asali. Ga sabon inji alheri ne, don batir ya fi daɗewa, manyan bidiyoyi kuma ba sa sarƙewa. Tsohon kati mai tsohon direba kuwa yakan karɓi aikin ya kasa. Je Tools, sai Preferences, sai Input / Codecs, ka kashe Hardware-accelerated decoding, ka adana, ka rufe filayar ka sake buɗewa. In bai yi ba, koma sashen Video ka sauya hanyar fitar da hoto daga Direct3D11 zuwa Direct3D9 ko OpenGL. Idan hoto ya dawo, sabuwar sigar lafiyarta ƙalau, ba ka bukatar komawa baya ko kaɗan. Sai dai ka gaya wa mai kaya cewa injin zai ɗan ƙara zafi, kuma bidiyon 4K na iya yi masa nauyi.

Wadda ba ta buɗewa gaba ɗaya kuma, yawanci girkawar ce ba ta kammala ba. Wuta ta ɗauke a tsakiya, ko faifai ya cika, ko filayar tana buɗe ana rubuta mata sababbin fayiloli. Duba kuma ko an tara biyu, mai bit 32 a Program Files (x86) da mai bit 64 a Program Files. Cire duka, ka sake kunna injin, ka share foldar VideoLAN (sunan masu yin VLC ke nan) in ta rage, sannan ka girka guda ɗaya.

To, in ka bi duk wannan kuma dole sai an koma baya, sai ka kula da rumbun nan da na ambata, don a nan ake asarar da ba ta gyaruwa. Sabuwar siga takan sauya tsarin rumbun, kuma tsohuwa ba ta san sabon tsarin ba. Masu iTunes, manhajar waƙoƙi ta Apple, sun san saƙon da ke cewa ba za a iya karanta fayil ɗin iTunes Library.itl ba domin sabuwar siga ce ta ƙirƙire shi. Mafitar tana cikin foldar Previous iTunes Libraries, inda ake ajiye kwafin tsohon rumbun mai ɗauke da kwanan wata. Kodi kuwa, wata filayar ce ita ma, lamba take sa wa rumbunta, in ta sabunta sai ta yi sabo ta bar tsohon a wurin. Ko ta wace hanya, duk abin da mutum ya ƙara bayan sabuntawa ba zai bayyana a tsohon rumbun ba. Saboda haka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filash kafin ka cire komai, ka kuma faɗa wa mai kaya abin da zai rasa tun kafin ka fara.

Windows Media Player nata daban ne. Siga ta 12 ta zo ne a jikin Windows 7 a 2009, ba a cire ta a ɗora ta 11 a gurbinta. Abin da ake yi, a shiga wurin kunnawa da kashe sassan Windows, a cire alamar da ke kan Media Features, a sake kunna injin, sannan a mayar da alamar. System Restore ma, mai mayar da Windows yadda take a wata rana ta baya, hanya ce in akwai wurin komawa da aka ajiye kafin matsalar, amma za ta tafi da duk manhaja da direban da aka sa bayan ranar. A wayar Android kuma, tsohuwar siga ba ta hawa kan sabuwa, sai ka cire sabuwar, bayananta kuma su bi ta.

Inda za ka samo tsohuwar sigar, a nan ba na sassauci. Daga shafin masu manhajar kawai. VideoLAN tana ajiye tsofaffin sigogi a ma'ajiyarta, tare da lambar tantancewa ta SHA-256 ga sigogin shekarun nan, kuma umarnin certutil da ke cikin Windows zai lissafa maka ta fayil ɗin da ka sauke ka gwada su. Shafukan da ke tara tsofaffin manhajoji, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma sunanka ne zai ɓaci in bairos ya shiga injin ta hannunka.

Taki ɗaya za ka koma, wato sigar ƙarshe da ta yi aiki, ba ka zarce shekaru baya ba. Sabuntawa da yawa toshe ɓaraka ce. A 2017 masu bincike na kamfanin Check Point sun nuna cewa fayil ɗin rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan fim ya isa a ƙwace inji ta hanyar VLC da Kodi da wasu filayoyin, aka kuma toshe ɓarakar a sigogin da suka biyo baya. Wanda ka mayar can baya ka buɗe masa wannan ƙofar. Don haka ka rubuta lambar sigar da ka sa da dalilin sa ta a takardar aikin, ka gaya wa mai kaya kada ya danna sabuntawa sai wata sigar ta fito, a gwada ta bayan an kwafe saituna.

Yanzu je ka fara da gwajin wata filayar da sauya sunan foldar. In har lokacin allon baƙi ne, buɗe Tools, sai Messages, ka kai matakin bayani zuwa 2, ka kunna bidiyon, ka adana abin da ya fito ka kawo mini mu karanta tare.