Wa ya ce ba a ƙirƙirar makamashi? Amsa ga wata malama daga Daura

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata a Daura. Ina koya wa 'yan aji biyar cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, kama kawai yake sauyawa. Sai wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wa ya ce? Kuma me ya hana?" Na ce mata doka ce, haka take a littafi. Ta yi shiru, amma na ga alamar ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu da kaina ba. Na taɓa jin cewa zancen yana da alaƙa da simetiri, alhali simetirin da na sani shi ne na ninke takarda gida biyu a firamare. Ina haɗin? Kuma mene ne wannan "fili" da masana kwantom ke yawan ambata?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ke kuma ya saka miki da ba ki bar tambayarta ta mutu a aji ba. Ki gaya mata manyan masana sun daɗe suna aiki da wannan doka ba tare da sun san tushenta sosai ba. Cikakkiyar amsar ba ta fito ba sai 1918, kuma mace ce ta kawo ta.

Mu fara da simetiri, domin ninke takardar nan ta ƙuntata mana ma'anarsa. Ki ɗauki faifai marar ado ki ajiye, ki rufe ido, wani ya juya shi yadda ya ga dama. In kin buɗe ido ba za ki iya cewa an taɓa shi ba. Dagin da ake zanawa a bangon soro ko a gaban riga kuwa, in an zana shi daidai wa daida, sai an juya shi kwatan zagaye cif kafin ya koma yadda yake. To wannan shi ne simetiri: a yi wa abu wani sauyi, amma ya zama kamar ba a yi ba. Abin da masana fiziks suka yi shi ne suka ɗauke wannan tambaya daga kan faifai suka ɗora ta a kan dokokin halitta su kansu. Idan na yi gwaji yau, na sake shi gobe, dokar ta sauya? Idan na yi shi a Daura, na sake shi a Funtuwa fa? Idan na juya teburin gwajin daga gabas zuwa arewa?

Bari in kai ki Kusugu. Kowane yaro a Daura ya san labarin macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Mu ari Juma'ar nan mu yi wani ƙiyasi da ita. A ce ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi yana raguwa da rabi duk ranar Juma'a, ya dawo daidai ranar Asabar. Mai wayo zai kafa tanki a sama, ya yi ta jan guga ranar Juma'a da rabin wahala har ya cika shi. Ranar Asabar sai ya saki ruwan ya zubo da cikakken nauyinsa a kan injin ba da wuta. Abin da zai samu ya ninka abin da ya kashe. Ya ajiye rabi don jan ruwan Juma'a mai zuwa, ya sayar da rabi. Ga wuta daga babu, mako bayan mako, ba mai ba rana ba iska. Me ya hana wannan sana'a? Abu ɗaya ne tak: dokar jan ƙasa ba ta san Juma'a daga Asabar ba. Da dokoki suna sauyawa da lokaci, da an ƙirƙiri makamashi. Tun da ba sa sauyawa, ƙofar a rufe take. Amsar "me ya hana" ke nan.

Wadda ta tabbatar da wannan da lissafi ita ce Emmy Noether, Bajamushiya masaniyar lissafi. A 1915 babban masanin lissafi David Hilbert ya gayyace ta jami'ar Gottingen, lokacin ana ta fama da yadda makamashi zai zauna a cikin sabon nazarin Einstein na jan ƙasa. Abin da ta fitar a 1918 ya wuce matsalar da aka kira ta a kai. Ta nuna cewa duk wani sauyi da za a iya yi sannu-sannu, kamar juya faifai, ba tare da dokokin sun motsa ba, to akwai wani adadi da aka ɗaure masa wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Rashin damuwar dokoki da lokaci shi ke tsare makamashi. Rashin damuwarsu da wuri shi ke tsare momentom, wato ƙarfin tafiyar abu, wanda kike koya musu da karon motoci biyu. Rashin damuwarsu da fuskar da aka juya shi ke tsare ƙarfin juyi, shi ya sa katantanwar da yara ke murzawa take tsayawa a kan tsininta muddin tana juyawa. Dokoki uku da muke sa yara su haddace daban-daban, ashe uwarsu ɗaya.

Abin yana mini ciwo duk lokacin da na tuna cewa wannan baiwar Allah ta yi shekaru tana koyarwa a ƙarƙashin sunan Hilbert, ba albashi, saboda jami'ar ba ta yarda mace ta zama malama ba. A 1933 gwamnatin Nazi ta kore ta don Bayahudiya ce, ta tafi Amurka, ta rasu a 1935. A makarantar 'yan mata kike, ya kamata su ji sunanta.

Wata ɗalibar za ta iya cewa, ai Allah yana halitta daga babu. Haka ne, kuma dokar ba ta shiga wannan hurumi ba. Magana take a kan abin da ke gudana a cikin halittar da aka riga aka tsara, da abin da ni da ke da injinanmu za mu iya. Ita kanta dokar ma tana da iyaka. Idan aka dubi sararin samaniya gaba ɗayansa, yana faɗaɗa, jiyansa ba ɗaya take da yau ba, saboda haka sharaɗin Noether bai cika a can ba. Hasken da ya taso tun farkon duniya da zafin digiri wajen 3,000 a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, yau yana iso mana a 2.7. A aji da gona da tashar wuta kuwa, dokar tana nan daram.

Sai batun fili. Ki tuna Dam ɗin Sabke da sassafe, ruwa kwance. A jefa dutse, igiyar ruwa ta tashi ta yi tafiya. Igiyar ba wani abu ba ce daban da ruwan, motsinsa ce. Nazarin zamani yana cewa duk sarari cike yake da filaye irin wannan da ido ba ya gani, kowane nau'in ƙwaya da nata. Elektiron motsi ne a filin elektiron, haske motsi ne a filin lantarki da maganaɗisu. Inda kwantom ya shigo shi ne, wannan motsi ba a samunsa yadda aka ga dama. Ƙulli-ƙulli yake zuwa, kamar gishirin mai tebur: ƙulli ɗaya, biyu, uku, ba a raba ƙulli. Max Planck ne ya fara hango haka a 1900, Einstein ya ɗora shi a kan haske a 1905. Ƙulli ɗaya na filin haske shi ne foton. Wannan ne ya warware wani abin mamaki da ba kasafai muke tsayawa a kansa ba: elektiron ɗin da ke cikin tocilan ɗinki da wanda ke cikin rana nauyinsu ɗaya, cajinsu ɗaya, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Ko tubalin da aka buga a mazubi guda ba ya yin haka. Su sun yi ne domin duk ƙulli ne daga fili guda.

A nan simetiri ya yi aikin da ya fi ba ni mamaki. Ki lura da tantabarun da ke sauka a kan babbar wayar wuta mai bolt 33,000, ba abin da ke samunsu. Ƙafafunsu biyu suna kan bolt ɗaya, wuta kuwa bambanci take bi, ba ruwanta da inda aka fara ƙirga. Dattawa sun ga irin wannan a Janairun 1973, da aka bar fam aka koma naira, fam ɗaya naira biyu. Lambobi sun sauya a ko'ina lokaci guda, amma akuya ba ta ƙara ko mudun gero ɗaya a darajarta ba. Filin elektiron yana da irin wannan ma'auni da za a iya matsar da mafarinsa ba a ji a jiki ba, kuma adadin da Noether ta ɗaure wa wannan sauyi shi ne cajin lantarki. Shi ya sa caji ba ya ɓata.

To idan kowane gari ya ce shi zai zaɓi kuɗinsa fa? Duk wanda ya taɓa tsallaka Kwangwalam ya san amsa: nan naira, can sefa, ciniki ba ya yiwuwa sai da ɗan canji a tsakani. Haka lissafin ya nuna. Idan aka dage cewa kowane wuri a sarari yana da 'yancin zaɓar mafarin ma'auninsa, dokokin elektiron suna wargajewa, sai an shigo da wani fili da zai riƙa daidaita tsakanin maƙwabta. Da aka rubuta siffofin wannan ɗan canji, sai ga shi ba baƙo ba ne, filin lantarki da maganaɗisu ne, har da cewa ƙwayarsa ba ta da nauyi. Hermann Weyl ya tsara wannan a 1929. Ina so ki ji girman abin: ba a ƙirƙiro ƙarfin lantarki an liƙa shi a lissafi ba, simetiri ne ya ce sai da shi. Kuma da aka auna maganaɗisun elektiron, awo da lissafin wannan nazari sun dace har lambobi fiye da 10. A 1954 wasu masana biyu, Yang da Mills, suka faɗaɗa dabarar, ita ce daga baya ta ba da bayanin ƙarfin da ke ɗaure cibiyar atam da kuma rarraunan ƙarfin da ke sa wasu atam ruɓewa. A kan wannan hanya Abdus Salam na Pakistan, da Glashow da Weinberg, suka sami kyautar Nobel a 1979.

Kada ki ɗauka kowane simetiri halitta ta amince da shi. Ninke takardar nan taki, wato dama da hagu, shi ne ma ya faɗi jarrabawa. Kowa ya ɗauka abin da ya faru a gaban madubi zai iya faruwa yadda yake a cikin madubi. A 1956 wasu masanan fiziks biyu, Lee da Yang, suka ce ba a taɓa gwada haka a kan rarraunan ƙarfi ba. Chien-Shiung Wu, 'yar asalin Sin da ke aiki a Amurka, ta sanyaya kobalt-60, wani ƙarfe da atam ɗinsa ke ruɓewa suna fitar da elektiron, har kusa da ƙarshen sanyi, ta jera cibiyoyinsa da maganaɗisu, sai ta ga elektiron sun fi fita ta gefe guda. Halitta ta san hagu daga dama. Lee da Yang suka karɓi Nobel a 1957, ita ba a sa ta ba, kuma har gobe ina ganin ba a kyauta ba.

Akwai kuma simetirin da yana nan amma ya ɓuya. Ki tsayar da taɓarya a tsakar gida ki sake ta. Doka ba ta fifita gabas a kan yamma ba, amma dole ta faɗi wani gefe, kuma wanda ya shigo ya tarar da ita kwance zai zaci gefen nan na musamman ne. Wani fili da ake kira filin Higgs, wanda aka yi hasashensa a 1964, haka ya faɗi gefe guda tun farkon duniya. Sanadin haka ƙwayoyin W da Z masu ɗaukar rarraunan ƙarfi suka yi nauyi, sun ninka furoton, ƙwayar da ke cikin cibiyar atam, fiye da sau 80, foton kuwa ya tsira ba nauyi. An ga W da Z a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janeba a 1983, aka sanar da ganin ƙwayar Higgs a can ranar 4 ga Yulin 2012, a injin da zagayensa ya kai kilomita 27.

Wannan na ƙarshe ya yi wa 'yan aji biyar nisa, ki ajiye shi don kanki. Su ki ba su labarin tankin Juma'a, sannan ki sa su gani da idonsu. Ki ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita 1, ki rataye a ƙusa, a ɗan ja shi gefe kaɗan a saki. Zuwa da dawowa sau 10 zai ɗauki daƙiƙa 20 ko kusa da haka. Su auna ranar Litinin, su sake ranar Juma'a, su kai shi wani ajin, su sa shi lilo gabas da yamma, sannan kudu da arewa. Agogon kuwa ki damƙa shi a hannun yarinyar da ta yi tambayar, ita za ta rubuta sakamakon a allo.