Ya nuna min manhaja, yanzu wai sai na biya kuɗin bakend

Tambaya: Salam Malam, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Wunti nan Bauchi. Na ba wani yaro rabin kuɗi ya haɗa min manhajar da kwastomomi za su riƙa yin oda, ya nuna min a wayarsa gwanin sha'awa, yanzu kuma wai sai na ƙaro kuɗin bakend. Hankalina bai kwanta ba, cuta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bakend dai ba ƙirƙirarsa ya yi ba, shi ne ɓangaren manhajar da ke kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai a intanet, can odar take zama cikin rumbun bayanai, can ake haɗawa da kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave kuɗi ya shigo. Kamata ya yi ya faɗa miki tun ranar ciniki.

Amma ni "ya nuna min a wayarsa" ɗin nan ne ya tsaya min a rai, kullum sai an kawo min irinta. Mutanenmu sun ɗauka da zarar sun ga kala da maɓalli suna motsi shi kenan manhaja ta samu, alhali da manhajar zane irin Figma yaro zai zauna dare ɗaya ya jera hotunan fuskoki, ki taɓa nan ya kai ki can, ba layin kod ko ɗaya a ciki. Zane ne, kamar tela ya nuna miki hoton ɗinki ya ce kawo cikon kuɗi. Su kuma 'yan kwas ɗin sati biyu da sun sa "UI/UX" (wato tsara fuskar manhaja da sauƙin amfani da ita) a Facebook sai su fara karɓar aiki, ba su taɓa zama kusa da mai ƙaramar Itel a wurin da netwok ke yankewa sun ga inda manhajar take maƙalewa ba, wanda shi ne UX ɗin ai, ba kalar maɓalli ba.

Kafin ki ƙara ko sisi, ya sa miki ita a wayarki. Ki yi odar turmi ɗaya, ki kashe wayar ki kunna, sannan ki duba a wayar yaron shagonki ko odar ta iso. In ta iso ku zauna ku rubuta sauran aikin da farashinsa. Kuma asusun ɗora manhaja a Play Store, dala 25 ne sau ɗaya, da imel ɗinki za a buɗe, haka domen ma, wato adireshin shafinki a intanet, da sunanki, kar ki yarda ya ce zai riƙe miki.