Kwana biyu a St Just, ya isa?

Ka tambaya ko kwana biyu za su ishe ka a St Just, ƙurewar yammacin Cornwall a Ingila. Za su isa, in dai ba ka tsoron iska.

Fara da mahaƙar kuza ta Geevor da ke Pendeen. An rufe ta a 1990, yanzu gidan tarihi ce. Za a ba ka hular kwano ka shiga wani tsohon rami, mai tsayi sai ya sunkuya, ruwa na ɗiga daga bango. Daga nan bi hanyar ƙafa ta bakin teku ka ratsa tsohuwar mahaƙar Levant, inda injin ɗaukar ma'aikata ya karye a 1919, mutum 31 suka mutu, har ka kai tsohuwar mahaƙar Botallack. Gine-ginen injinan can suna maƙale a jikin dutse, igiyar ruwa na dukan ƙasansu. Ramukan sun shiga har ƙarƙashin teku. Ni a nan na fi daɗewa.

Kada ka kauce wa hanya, akwai tsofaffin ramuka a cikin ciyayi. Ka tafi da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa.

Rana ta biyu, Sennen Cove, in kana son hawan igiyar ruwa. Ruwan kam akwai sanyi.