Za A Iya Tilasta Wa Maƙwabciyata Ta Ba Da Shaida?

TAMBAYA: Barista, 'yata mai shekara 9 ce wani mai shago a layinmu ya lalata. Maganar tana kotu. Maƙwabciyata ta gan shi da idonta yana jan yarinyar ciki bayan Magariba, ita ce ma ta fara tsegunta min. Yanzu ta ce maigidanta ya hana, ba ta taka kotu. Shi ke nan na rasa shaida?
Wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. Ba ki rasa ba. Ki sanar da mai gabatar da ƙara sunan maƙwabciyar, shi zai nemi kotu ta aika mata sammaci. In ta ƙi zuwa ba uzuri, alƙali na iya sa a kamo ta, kuma "maigida ya hana" ba uzuri ba ne a gaban doka.

Shaidarta kuwa tana da nauyi. A Dokar Shaida ta 2011, sashe na 209, yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a hukunta mutum da bakinsa kaɗai sai wata hujjar ta mara masa baya. Abin da maƙwabciyar ta gani da ido, haɗe da takardar likita, su ne wannan hujjar. Waɗanda suka ji a bakin rijiya kada ki wahalar da su, kotu ba ta karɓar ji-ta-ji-ta.

Tilascin ma yana da iyaka. Ba a sa shaida ya amsa tambayar da za ta jefa shi kansa cikin tuhuma, haka lauyan wanda ake zargi ba ya tona abin da suka tattauna. Likita dai ba shi da wannan kariyar.

Amma ni na sha ganin wadda aka kawo da sammaci, ta tsaya tana murza bakin mayafi tana cewa "duhu ne, ban gane fuska ba." Saboda haka kafin takardar sammaci, a tura dattijo ko limamin unguwa wajen mijin, ya tuna masa aya ta 283 a Suratul Baƙara kan ɓoye shaida. Sau da yawa tsoron bakin mutane ne ke hana su. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kotu damar fitar da 'yan kallo don kare wanda bai kai shekara 18 ba. Ki roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi hakan, sannan a shaida wa mijin.