'Yata ta kamu da kallon finafinan masu shan jini, anya lafiya?

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara 15 ta rungumi wani fim mai dogon zango, The Vampire Diaries, da aka tura mata a waya. Maƙwabciyata ta ce 'yan fim ɗin 'yan ƙungiyar asiri ne, jinin gaske suke sha, kuma mai yawan kallo yakan koma maye. Hankalina ya tashi, ko barci ba na yi. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki ki yi barci, amma akwai abin dubawa, sai dai ba wanda maƙwabciyarki ta nuna miki ba ne.

A tatsuniyar ƙauyukan Gabashin Turai, mai shan jini gawa ce kumburarriya da ke fitowa daga kabari. Littattafai da finafinai da talabijin ne suka yi masa wanka. Tun 1967, da shirin Dark Shadows na Amurka ya shigo da wani mai shan jini mai suna Barnabas Collins, masu shiri suka gane cewa dodon da ke nadama ya fi jan masu kallo. Shirin Buffy (1997 zuwa 2003) ya mai da shi saurayi, The Vampire Diaries (2009 zuwa 2017) kuma ta sa masa zoben da ke kare shi daga rana ta kai shi makarantar sakandare.

Yanzu ga zancen maƙwabciyarki, wanda na gaji da jinsa. Kusan kullum sai an turo min guntun bidiyo a WhatsApp, an yanko shi daga irin waɗannan finafinai, an ɗora murya mai rawa ana cewa ga mayun Turawa an kama. Jinin nan ruwan sukari ne mai kauri da kalar abinci. Haƙoran na roba ne, ana auna bakin ɗan wasa a ƙera masa, ya cire in an tashi aiki. Baƙaƙen jijiyoyin da ke fitowa ƙarƙashin ido aikin kwamfuta ne. Garin Mystic Falls da labarin ke faruwa a cikinsa ma babu shi, a Covington ta jihar Jojiya aka ɗauki yawancin wuraren, har masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto. Wace irin ƙungiyar asiri ce ke rubuta sunayen 'ya'yanta a ƙarshen kowane kashi?

Abin da ya sa nake zafi, wannan jita-jita tana kisa. A 2017 a kudancin Malawi, raɗe-raɗin masu shan jini ya sa gungun mutane suka kashe aƙalla mutum 8, ciki har da wani mai farfaɗiya da aka ƙona a Blantyre, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga gundumomi biyu. Mu ma mun san yadda take kaya wa a nan: yaro ya yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama masa kurwa, a ja ta tsakar gida a ce ta tsallake shi. Ga boka a gefe yana jiran kuɗin hayaƙi, ga maleriya tana cin yaron. Don Allah kada ki bari kalmar maita ta raɓi 'yarki ko da wasa, domin in ta manne a unguwa har aurenta sai ta taɓa.

Abin dubawar shi ne irin soyayyar da ake nuna mata. Stefan, mai shan jinin da ke jagorantar labarin, ya haura shekara 160, budurwarsa Elena kuwa 17. Ɗan'uwansa Damon, wanda 'yan mata suka fi so, a zangon farko yana juya tunanin Caroline, ƙawar Elena, ya cije ta, ya sa ta manta, ita kuma ta ɗaura gyale a wuya tana ɓoye tabon. Daga baya labarin ya wanke shi tas don yana da kyau. Ki zauna ku kalli kashi ɗaya tare, ki tambaye ta me take gani game da namijin da ke yi wa mace haka. Sannan ki duba wayar, don masu turi sukan haɗa da wani shirin masu shan jini, True Blood, wanda na manya ne zalla, cike da tsiraici. Wannan kam ki goge shi yau.