Doguwar kalmar sirri a kwamfutar da ba tawa ba: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajiye kalmomin sirrina a manhajar Bitwarden da ke wayata, kowace ɗaya haruffa da alamomi 24. Matsalata ita ce kwamfutar ofis, wadda ba a yarda mu sa mata wata manhaja ba, sai talabijin ɗin gida, sai kuma in na je kafe buga takarda. Ina kallon waya ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, in yi kuskure, har an taɓa rufe mini asusu. Wani abokin aiki ya ce wahala nake ba kaina, in zaɓi guda ɗaya mai sauƙi in riƙa amfani da ita ko'ina. Gaskiya na fara gajiya, kuma ina tsoron kada wata rana a kulle ni waje gaba ɗaya. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Tsarinki daidai yake, gyara kaɗan yake buƙata. Ki raba kalmomin sirrinki gida biyu: waɗanda manhaja ke cikewa da kanta, da waɗanda dole yatsunki su rubuta. Na farkon ki bar su yadda suke. Na biyun, waɗanda da wuya su wuce huɗu ko biyar, ki mayar da su jerin kalmomi. Bitwarden na da wannan zaɓin a wurin da yake ƙirƙiro kalmar sirri: ki ce ya ba ki kalmomi shida, ƙananan baƙaƙe, da ɗan layi tsakaninsu. Dabarar ta samo asali ne daga Diceware da Arnold Reinhold ya fitar a 1995, inda ake jefa ɗan lido a zaɓo kalma daga jerin kalmomi 7,776. Kalmomi shida daga irin wannan jeri suna ba da yawan haɗi da ya kai lamba mai alƙaluma 24, kuma ido na ɗaukar kalma guda a kallo ɗaya, saɓanin tarkacen alamomi.

Sharaɗin shi ne na'ura ta zaɓa, ba ke ba. Kada ki ɗauko aya, ko karin magana, ko baitin waƙa, domin duk abin da jama'a suka haddace yana iya shiga jerin da masu kutse ke gwadawa. In kin fi son kalmomin Hausa, ki guji masu ƙ, ɗ da ɓ, don ba kowane kibod ke da su ba. Wanda ke tsallakawa Maraɗi ko Damagaram kuma ya sani cewa kwamfutocin can galibi kibod ɗin Faransanci gare su, inda A da Q suka yi musayar wuri, lambobi ma sai an danne Shift. Nan ma jerin kalmomi ya fi sauƙin sha'ani.

Talabijin kuwa, kusan ba ki da dalilin rubuta komai da rimot. YouTube da Netflix suna nuna gajeriyar lamba ko hoton QR a fuskar talabijin, ki kammala shiga daga wayarki. Haka Google a kwamfuta: in kin kafa passkey, wato makullin shiga da ke ajiye a wayarki a madadin kalmar sirri, kwamfutar za ta nuna QR, ki ɗauka da waya, ki tabbatar da yatsa, matuƙar Bluetooth na kunne a duka biyun. Kalmar sirrin ba ta taɓa kibod ɗin ba ma.

Kafe daban ne. In an dasa wa kwamfuta manhajar da ke naɗar duk abin da aka danna, tsawon kalmar sirri ba ya hana komai, kuma buɗe shafin ɓoye na burauza ba ya maganin wannan. Saboda haka babbar kalmar da ke buɗe Bitwarden ɗinki kada ta taɓa shiga kwamfutar da ba taki ba. Takardar da za ki buga, ki tura wa mai kafe ita kaɗai daga wayarki, ba sai kin buɗe imel ɗinki a wurinsa ba. In ya zama dole ki shiga, ki tabbata tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba ko amincewa daga wayarki bayan kalmar sirri, na kunne, ki fita da kin gama, ki canza kalmar da zarar kin koma kan wayarki.

Yanzu ga shawarar abokin aikinki, wadda ita ce ta fi damuna, don kullum sai na ci karo da ɓarnarta. Mutane sun ɗauka ɓarawo zama yake yana canki-canka a kan asusunsu, don haka suke cewa wa zai damu da ni, me nake da shi. Ba haka ake yi ba. Wani shafi ne can da kika taɓa yin rajista kika manta ake fasawa, a kwashe adireshin imel da kalmomin sirri na miliyoyin mutane, sannan a sa na'ura ta gwada kowanne a Gmail da Facebook da sauransu. A 2009 an fasa kamfanin RockYou aka kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32 da aka ajiye a fili, kuma har yau wannan jerin na cikin kayan aikin masu kutse. Na'urar ba ta san ke wace ce ba, ba ta kuma buƙatar sani. Kalma ɗaya a ko'ina na nufin shafi mafi sakaci a cikin waɗanda kika taɓa shiga shi ke riƙe da makullin imel ɗinki. Wanda ya shiga imel kuwa ya samu hanyar sake kalmar sirrin kusan duk sauran asusunki.

Kuma mun san irin kalmar da ake kira mai sauƙi a wajenmu. Mutum ya sayi waya a kasuwa, yaron shago ya buɗe masa Gmail, ya sa masa lambar wayarsa a matsayin kalmar sirri, shi ke nan har shekara biyar. Lambar da ke rubuce a allon shagonka, wadda ke hannun duk wanda ka taɓa kira, ita ce sirrinka? Ɗalibi ya je cike fom, ya karanta wa mai kafe kalmar da babbar murya, a rubuta ta a littafi tare da na wasu. Daga baya a wayi gari ana roƙon kuɗi da sunansa a wajen 'yan'uwa, ya ce an yi masa kutse. Wane kutse? Da hannunsa ya miƙa. Masu cewa a sauya a da @ ko a liƙa 123 a ƙarshe su ma ɓata wa mutane lokaci suke, don manhajojin fasa kalmar sirri sun daɗe da sanin wannan wayon. Ina kuma da ƙorafi kan ofisoshin da ke tilasta canza kalma duk wata uku, su hana manna ta a akwatin shiga. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, tun 2017 ta ba da shawarar a daina tilasta canjin in ba a ga alamar fallasa ba, a kuma ƙyale mannawa, amma har yanzu ana azabtar da ma'aikata, su kuma su koma rubuta kalmar a takarda su liƙa a jikin kwamfuta.

Game da tsoron a kulle ki waje, ki rubuta babbar kalmar Bitwarden da lambar ceto ta tantancewa mai mataki biyu a takarda, da biro, ki adana a gida inda kike ajiye takardun makaranta. Kada ki ɗauki hotonta, kada ki tura wa kanki ta WhatsApp. Ki kuma saka adireshin imel ɗinki a shafin Have I Been Pwned ki ga ko ya taɓa fitowa a wata fallasa. In ya fito, ki fara canza kalmar wannan shafin, da ta duk inda kika taɓa maimaita ta kafin ki koma Bitwarden.