Shimfiɗa ta hau ƙafa cif, amma ciwo ya ƙaru

Ɗana, ga tambayarka kamar yadda na fahimce ta. Mutum ya zo da ciwon dunduniya, ka ɗauki siffar ƙafarsa da filasta, ka yi masa shimfiɗar cikin takalmi wadda ta hau ƙafar cif, ba ta bar rata ko'ina ba. Sai ga shi ya dawo yana ɗingishi, ciwon dunduniyar na nan, tsakiyar tafin ma ya fara yi masa zafi. Kana tambaya ko awon ne bai yi ba.

Awonka lafiya lau. Na ɗora shimfiɗar a kan zubin, wato siffar ƙafar da ka zuba da filasta, ta zauna daram. Matsalar ita ce ƙafar da ka auna a kwance take, ita kuwa wadda ta kawo ƙara a tsaye take, tana ɗauke da mutum. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne da gaɓoɓi 33, kuma duk suna ɗan motsawa a kowane taku. Da nauyi ya sauka, kwarin tafin ƙafa yakan ɗan yi ƙasa, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi, kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya ya baje gefe da gefe. Haka aka halicce ta, da wannan saukar take shanye bugun ƙasa. A tafiya abin da ke sauka a kanta ya ɗan fi nauyin jikin mutum, a gudu kuwa yakan kai ninki biyu zuwa uku. Kai ka cika kwarin nan har sama da roba mai tauri, to duk takun da ya yi kwarin zai nemi sauka ya tarar babu wuri. Shi ya sa kake ganin ina ƙara filasta a kan zubi kafin in gasa roba in danna: milimita kaɗan a cikin kwari, kaɗan a kewayen dunduniya. Ba kwalliya nake yi wa zubin ba, wuri nake bar wa ƙafa.

Akwai abu na biyu, kuma ina jin shi ne ya fi cutar da mutumin nan. Ka ɗauki kwarin ƙafa a matsayin baka, to akwai tsirkiyarsa: wata jijiya mai faɗi da kauri wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta miƙe har gindin yatsu. Cire takalminka ka gwada. Kama babban yatsanka ka ja shi sama, ka shafa tafin ta gefen ciki da ɗaya hannun. Za ka ji ta miƙe ta yi tsaye ƙarƙashin fata, kwarin kuma ya ɗago. Wani likita a Ingila mai suna Hicks ne ya yi bayanin wannan aikin nata a 1954, kuma abin yana faruwa a kowane taku, daidai lokacin da dunduniya ta ɗaga mutum ya hau kan yatsunsa. A wasu mutane jijiyar ba ta fitowa sosai. A wasu kuwa, kamar mai ƙafar nan, takan taso sosai ta yi gwauri. Ita ce mai ciwon tun farko, ka kuma sa mata tudu a daidai inda take miƙewa. Gyaran ba wuya. Idan ya dawo ka ja yatsan sama, ka bi jijiyar da fensirin awo, ka sa shi ya taka shimfiɗar layin ya fito, sannan ka kai ta injin goge ka rarake mata ɗan kwari a kan layin, ka sassauto da tudun kaɗan. Nan gaba tun kafin ka naɗa filasta za ka ja wannan layin, ya bi zubin ya fito.

Amma ni abin da na fi so ka ɗauka daga wannan aikin shi ne ka yi saurin jiƙa filasta. Filasta ita ce ta ƙarshe. Kafin ta akwai tambaya, akwai taɓi, akwai kallo.

Ka tambaye shi yaushe ciwon ya fi tsanani. Mai ciwon jijiyar nan zai ce maka takun farko da safe, idan ya sauko daga gado, shi ne azaba, in ya ɗan zagaya ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya tashi ya dawo. Ka danna babban yatsanka a gaban dunduniya ta gefen ciki, zai janye ƙafar kafin ya yi magana. Sannan ka kwantar da shi, gwiwa a miƙe, ka tura tafin sama wajen ƙwauri. Ana son idon sawu ya wuce tsaye da kamar digiri 10. Idan ya ƙi, sharaɓa da agara sun ɗaure, kuma motsin da idon sawu ya hana, ƙafa za ta sato shi daga tsakiyarta, jijiyar ta sha ja. Irin wannan ko wace shimfiɗa ka yi masa ba za ta wadatar ba sai ya riƙa miƙar da sharaɓa kullum, ka kuma ɗan ɗaga masa dunduniya da 'yan milimita a ƙafafu biyu. In abin ya yi nisa ka haɗa shi da masu gashin ƙashi.

Kada ka bar mutum ya tafi ba ka ga tsohon takalminsa ba, wanda yake sawa kullum, ba na fita kunya ba. Ajiye shi a kan tebur ka sunkuya ka dube shi ta baya. Cinyewar dunduniya ta gefen waje ba laifi ba ne, yawancin mutane da nan suke fara taɓa ƙasa. Abin dubawa shi ne bayan takalmin, ko ya karkata ciki. Zaro shimfiɗar kamfani da ke ciki ka ga inda ta lotsa ta yi baƙi, nan ne nauyi ke taruwa, kuma sau da yawa za ka tarar da kanta, wato fata mai tauri, a daidai wurin a tafin ƙafarsa. Lanƙwasa takalmin da hannu. In ya karye a wajen yatsu, madalla. In a tsakiya ya naɗe, to ko ka zuba masa aikin da ya fi kowane kyau, a kan abin da ba ya tsayawa ka ɗora shi.

Wasu za su zo maka da hoton ƙashi suna nuna maka wani ɗan tsiro a ƙarƙashin dunduniya, su ce ga ƙayar da ke sukarsu. Kada ka yi gardama, amma kada ka gina aikinka a kanta. Mutane da yawa suna da tsiron nan ba su taɓa jin ciwo ba.

Zan faɗa maka abin da ba kowane mai sana'a ke son faɗa ba. A ciwon dunduniya irin wannan, binciken da aka yi na kwatanta shimfiɗar awo da ta kanti mai kyau ya nuna sau da yawa bambancinsu kaɗan ne, kuma yawancin masu ciwon sukan warke cikin kamar shekara guda da miƙa jijiya, rage tsayuwa da canjin takalmi. Saboda haka mai ƙafa lafiyayyiya wanda ciwo ya kama kwanan nan, ka fara masa da ta kanti, ka gyara ta. Aikin awo na mai ƙafar da ba ta shiga ta kanti ne: wanda kwarinsa ya yi tsayi ƙwarai ya ƙage, wanda amosanin gaɓɓai ya karkatar wa yatsu, wanda ƙafarsa ɗaya ta faɗi da girma har ba ya iya ɗaga dunduniya in ya tsaya a kanta ita kaɗai, da mai ciwon suga. Yaro ƙarami mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, wanda ba ya kukan ciwo kuma kwarin yana fitowa in ya yi ɗage, ka kwantar wa iyayensa da hankali su tafi. Kwarin yara yana ci gaba da fitowa har wajen shekara 10.

Ciwon gwiwa da na ƙugu kuwa ka yi taka-tsantsan da alkawari. Wani yakan ji sauƙi, wani ba ya ji. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a hankali ake ɗagawa, kuma abin da ya haura kamar santimita 1 ba ya zama a cikin takalmi, a ƙasansa ake ƙarawa.

Wani kuskuren da ke jiranka a gaba shi ne na ciwon gaban tafi, ƙarƙashin gindin yatsu. Hannu yakan so ya manna ɗan matashin soso a daidai wurin ciwon. A bayansa ake sawa, ta wajen kwari, don ya ɗauke nauyin kafin ya iso kan ƙashin. Ka ɗiga tawada a wurin, ya taka, ka manna matashin a bayan ɗigon da ya fito. Kuma ko wace shimfiɗa ce, ka gaya wa mai ita ya fara da awa 1 ko 2 a ranar farko, yana ƙarawa kullum har kamar mako biyu. Ɗan baƙunta ba komai ba ne, amma zafi a wuri ɗaya ko bororo, ya cire ya dawo.

Akwai ƙafar da ba tamu ba ce, ta likita ce. Ciwon da ke hana barci ko an huta, sharaɓar da ke ɗaurewa in an yi tafiya ta saki in an tsaya, ƙafar da ta yi sanyi ta canza launi, ciwon da ke saukowa daga baya da mutuwar jiki: duk waɗannan ka ajiye filasta ka tura shi asibiti.

Mai ciwon suga shi ne wanda ya kamata ya fi tsayar maka da hankali, don shi ba zai dawo ya kawo ƙara kamar mutumin naka ba. In ciwon ya cinye masa jijiyoyin ji, tudun da ka bari zai ci ƙafarsa har ya zama gyambo bai sani ba. Kafin komai ka gwada shi da siririn zaren roban nan na gwajin ji, wanda ke lanƙwashewa da nauyin gram 10: ya rufe ido, ka danna a ƙarƙashin babban yatsa da gindin yatsu har zaren ya lanƙwashe, ya faɗa maka in ya ji. In bai ji ba, shimfiɗarsa ta zama mai hawa-hawa, laushi a sama ƙarfi a ƙasa, ta rungumi tafin gaba ɗaya ba gefe mai kaifi, takalmin kuma mai zurfi da faɗin baki. Ranar da ka miƙa masa ka sa ya zagaya na ɗan lokaci, ka cire safar ka duba fatar da idonka, kada ka tambaye shi ko yana jin daɗi. Duk inda ya yi ja ko duhu bai washe ba, ka koma injin goge. In kuwa ya zo da ƙafa a kumbure, da zafi in ka taɓa ta fiye da 'yar'uwarta, ko da ya ce ba ta yi masa ciwo, kada ya taka ta, a kai shi asibiti a ranar.